Tsakanin Ta da Ya

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya kuma ƙafar nan taki da kike ta ɓoye wa likita? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarki. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na kira sau biyu, ina jin muryarki sai in ɓige da tambayar karatun yara. Abin da ke raina ya ƙi fita ta baki, shi ya sa na ce bari in yi abin da na iya, in rubuta.

Kin dai san mijin ƙanwarki, Dakta, shekara uku ke nan yana fama da littafinsa a kan halin mata da yadda tunaninmu ya bambanta da na maza. To ya gama, kuma wa zai buga masa a kwamfuta in ba ni ba? In wuni a shago ina buga wa mutane takardun neman aiki, in dawo gida in tarar da tulin rubutunsa mai kama da tafiyar kiyashi a kan teburin falo. Da farko har dariya nake sha. Wai mace tana magana ne don ta ji daɗi, namiji kuwa don ya isar da saƙo. Yaya, mutumin da zai kwashe minti arba'in yana yi mini bayanin yadda ake matsa man goge baki! Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na ci gaba. Ni aikina ido a takarda, yatsu a maɓallai. In na yi nisa ba na ma sanin abin da nake bugawa, hannu ne kawai ke tafiya.

Shekaranjiya ya dawo mini da babi na biyar, ya zagaye wuri uku da jan biro a layi ɗaya. Ya ce in riƙa lura, na sa "ya" a inda ya rubuta "ta". Ban damu ba. Duk mai wannan sana'a ya san T da Y manne suke da juna a kan maɓallai, kullum muna mai da mace namiji, mu mai da namiji mace, mu gyara mu wuce. Na zauna zan gyara, sai na karanta layin da idona.

Labarin wasu ma'aurata ne da ya ce ya sani, suna zaune a gefen gadon 'yarsu a asibiti. Ga yadda ya rubuta: "Da numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, ta saki hannunta, ta fice, ta zauna a mota." Daga nan ya ɗora bayani, wai haka mace take, tausayinta ya fi ƙarfin zuciyarta, in abu ya kai maƙura namiji ne ke tsayawa.

Yaya, 'yarmu ce, marigayiya 'Yar Baba. Shekarunta shida ya faɗa, har ɗan bargonta mai ruwan ɗorawa bai bari ba. Duk wanda ya san mu zai gane.

Kina bakin ƙofa ranar, ba sai na tuna miki ba, amma zan tuna miki. Ƙarfe huɗu na yamma ne. Shi ya saki hannunta ya fita. Ni na tallafo kanta a damtsena. Ta buɗe ido ta ce ina Baba, na ce mata ga shi nan zuwa, kuma wannan ƙaryar ce magana ta ƙarshe da 'yata ta ji a duniya. Ke kika je kika same shi a mota ya kifa kai a sitiyari. Ke kika dawo kika rungume ni, kika ce kar in faɗa wa kowa, namiji ne, in rufa masa asiri. Ke kika riƙa gaya wa masu zuwa ta'aziyya cewa yana tare da ita har ƙarshe. Na bi maganarki shekara huɗu, ko a faɗa ban taɓa yi masa gori ba, don na ga shi ma abin yana cin sa.

Wallahi ban san na buga "ya" ba, yatsuna ne suka yi. Amma yanzu na sani, kuma ba zan yarda a buga a littafi cewa na bar 'yata ta cika ba tare da ni ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki rubuto mini abin da kika gani, layi biyu kawai, da hannunki, in ajiye masa a gabansa.

Ki gaishe mini da maigidan da yara duka. Ki je asibiti da ƙafar nan, don Allah.

Ni ce ƙanwarki,
Uwar Tsiwa

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, takardarki ta iso ranar Talata. Na ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi sauƙi. Sauran kuma na karanta sau uku ina neman layi biyun da na roƙa. Shafi ɗaya da rabi na haƙuri kika aiko mini. Wai ba a ambaci suna ba, littafi ne kawai, wa ma zai karanta, kar in tayar da abin da ya kwanta. Sannu da ƙoƙari, Yaya. Da haƙuri ake nema ai ba sai na sayi ambulan ba, a ɗakina ma ya yi mini yawa.

Tunda ba ki aiko ba, na tunkare shi hannu rabbana. Na ɗauka zai yi ihu, ko ya sunkuyar da kai. Ina! Sai ya cire tabarau, ya jawo mini kujera, ya sassauta murya irin yadda yake yi wa ɗalibar da ta faɗi jarrabawa. Ya tambaye ni, tsakanina da Allah, ban fita daga ɗakin ba ranar? Na ce na fita, na leƙa na kira nas, ko minti ɗaya ban yi ba. Ya ce to kin gani. Wai ba ya ganin laifina ko kaɗan, baƙin ciki yana sake wa mutum tunani, musamman mace, sai ta tuna abin da take so ya faru a maimakon abin da ya faru. Ya ce in koma babi na uku, ai ni na buga shi da hannuna.

Na ce masa ni da ban taɓa riƙe makullin motarsa ba, ta ina na shiga? Ya ce ba a kulle take ba. Sannan ya tambaye ni wa ya taɓa cewa shi ya fita, bayan duk wanda ya zo gaisuwa ya ji daga bakin yayata uwa ɗaya uba ɗaya cewa yana nan har ƙarshe. Ya dafa kafaɗata, ya ce in riƙa samun hutu, aikin shago ya yi mini yawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, na zuba masa ido ban ga alamar ƙarya ba. Ban sani ba ko ya ƙware ne, ko kuwa shekara huɗu yana gaya wa kansa har ya zauna masa. Ranar sai da na shiga banɗaki na ɗaga hannun rigata ina kallon damtsena kamar mahaukaciya, wai ko zan ga inda kanta ya kwanta. Na tsane shi a lokacin, Yaya, tsana ta gaske, kuma ban nemi gafarar Allah a kai ba tukuna.

Yanzu ga abin da na yi, ki zauna kafin ki karanta. Na gyara masa, na fitar da shafin da "ta" ɗinsa guda uku, ya duba ya ce madalla. Amma wanda na tura wa maɗaba'a, na mayar da "ya" a duk wuri ukun. Wannan karon ba yatsa ba ne, ni ce, ido buɗe. Kwafi ɗari biyar za a buga. Ko bayan raina, duk wanda ya buɗe shafi na sittin da ɗaya zai ga wanda ya saki hannun 'Yar Baba. Tun ranar nake cin abinci har da ƙari.

Ki yi mini faɗa in kin ga dama, na saba. Ƙarshen wata ne taron ƙaddamar da littafin, ya ce lallai ki zo. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Uwar Tsiwa

*

Yaya,

Ina fatan kin koma gida lafiya, kin kuma tarar da yara ƙalau. Na gode da zuwa, na gode da turaren. Kin yi ta tambayata a tasha me ya sa na yi shiru. Ga amsar.

Akwai abin da ba ki sani ba. Mako ɗaya kafin taron aka kawo littattafan, kuma a ranar ya ga "ya" ɗin da na mayar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ɗauko kwamfuta, ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa: "Gyara. A shafi na 61, layi na tara, a karanta 'ta' a maimakon 'ya'. Kuskuren mai buga rubutu ne." Na ce ba zan buga ba. Ya ce shi ke nan, ba dole, amma zai kira manya ya gaya musu halin da nake ciki, don macen da za ta ɓata aikin mijinta na shekara uku saboda abin da ta raya a ranta magani take bukata, kuma yana da abokin da ya ƙware a wannan fanni. Na duba ko'ina ban ga wanda zai ce ba haka ba ne. Na buga. Ni na yanka 'yan takardun gyaran da almakashi, ni na shafa gam, kwana uku a teburin falo, guda ɗari biyar. Shi kuma yana miƙo mini littattafan ɗaya bayan ɗaya, har shayi ya haɗa mini.

Sauran kin gani da idonki. Kin ga yadda ya ɗaga 'yar takardar a gaban jama'a, ya ce mai buga masa rubutu, ai kun san ta, ta ji wa matar cikin labarin kunya har ta so ta ɗora wa mijin, mata dai akwai haɗin kai. Kin ji dariyar. Kin kuma ji ƙarar takardu da zauren nan gaba ɗaya ya shiga neman shafin. Gaskiyarki da kika ce wa zai karanta. Da na bar shi, da wataƙila mutum goma ne za su kai wurin. Ni da kaina na liƙa musu alama a bangon farko. Wannan wautata ce, na ɗauka.

Amma ba dariyar ce ta kashe ni ba. Na ga matan layin gaba suna karantawa suna waiwayowa. Na ga surukata ta gama, ta ninke tabarau, ta tsallake ni ta dube ki, ta ce ashe haka aka yi, ke ai kina wurin. Na jira amsarki. Kafaɗarki tana jikin tawa, ina jin ɗuminki. Kalma ɗaya ce, Yaya. Sai kika gyara mayafi kika ce Allah dai ya jiƙan yarinya, ranar kowa ya ruɗe.

Kowa ya ruɗe. Ni ban ruɗe ba. Ni na rufe mata ido, kina tsaye kina kallo.

Na san dalilinki, kar ki wahalar da kanki da wani shafi da rabi. In kika ce shi ya fita, kin zama wadda ta yi wa masu ta'aziyya ƙarya kwana bakwai, ke da ake kawo wa ƙarar aure kina sasantawa. Kin auna mutuncinki da ni, kin ga wanda ya fi nauyi. Shi na san abin da ya sa, ya kasa ɗaukar abin da ya yi ne ya nemi inda zai ajiye. Ke kuwa kika share masa wuri tun ranar, kika ce namiji ne. Ni da aka ce zuciyata ba ta iya tsayawa, ba wanda ya ce a rufa mini komai.

Jiya surukata ta aiko a gaya mini ta yafe mini, wai ba kowace uwa ke iya gani ba. Ta yafe mini! Na ce a ce mata na gode.

Mu uku muka san abin da ya faru a ɗakin nan. Ɗaya ya rubuta littafi, ɗaya ta ruɗe, ni kuma an riga an buga a babi na uku cewa tunanina ba abin dogaro ba ne. Kar ki zo hutun yara kamar yadda kika ce, ba zan iya yi miki shimfiɗa a ɗakin 'Yar Baba ba. Kar kuma ki kira, ba zan ɗauka ba.

Ki gaida maigidan da yara, su ba su yi mini komai ba. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ni ce,
Mai buga rubutu