Dattijon da Bai Iya Cewa A'a ba

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan takardar nan za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a zaman da kake yi a can. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana yi wa shukokinta faɗa don sun ƙi girma. Auta ya gama jarrabawa, yanzu ba shi da sana'ar da ta wuce barci. Baban yara kuma an sauya masa sashe a wurin aiki, yana dawowa da wuri, yara sun rasa sakewar da suka saba.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maimakon in kira ka, na ji Inna ta ce maka an same ni da laifi a wurin aiki, hankalinka ya tashi har kana tambaya ko korata za a yi. Ka san Inna, daga tsakiya take ɗauko labari. Ba a kore ni ba, amma maganar laifin gaskiya ce, kuma gara ka ji ta daga bakina tun daga tushe.

Ka dai san aikin ofishinmu, sasanta maƙwabta kafin rigima ta kai su kotu: wanda ruwan banɗakinsa ke ɗiga a ɗakin na ƙasa, wanda ya ja katanga ya ci taku biyu na wani, da ire-irensu. Mu huɗu ne masu shiga tsakani, ni ce shugaba, a samanmu akwai kwamitin amintattu. Da yake mu ma 'yan Adam ne, kwamitin ya ɗauko mutum daga waje, wanda ba ya ƙarƙashin kowa a cikinmu, don duk wanda ya ga ba mu kyauta masa ba a zaman sulhu ya kai masa ƙorafi. Aikinsa ƙayyadadde ne: ya duba ko an saurari kowa, ko mai shiga tsakani ya karkata, ko an matsa wa wani ya sa hannu. Ba nasa ba ne ya sake auna wa ke da gaskiya a rigimar kanta. Kwana biyu a mako aka ba shi, da ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Tsohon magatakardan kotu ne da ya yi ritaya, kowa Dattijo yake ce masa, kuma wallahi sunan ya bi jiki.

Matsalar Dattijo ɗaya ce, bai iya cewa a'a ba. Wanda aka yi wa sulhu ya koma gida matarsa ta ce an cuce shi, sai ya dawo wajen Dattijo, shi kuma ya buɗe masa fayil. Sannu a hankali ya fara fita da tef ɗin awo yana auna katangu da kansa, yana hawa benaye yana leƙa bututun ruwa. Akwai wanda ya zo ya ce ɗansa ya daina gaishe shi, Yaya, shi ma sai da aka buɗe masa fayil. Bencin ƙofarsa ya fi namu cika. Kwana biyu suka koma biyar, fayiloli suka cika tebur suka sauka ƙasa, har ya fara tafiya gida da su a jakar leda. Duk muna gani, muna yi masa kallon tausayi, ba wanda ya ce uffan.

Ni kuwa ina da dalilin yin shiru na daban, domin a cikin tarin nan akwai ƙorafin da aka kai a kaina. Wata tela ce, tana zaune a saman bene da ɗanta mai ciwon asma, a ƙasanta kuma akwai mai walda. Hayaƙi da ƙurar ƙarfe suna shiga ta tagarta. Ranar zamansu ni na shiga tsakani. Ta makara da kusan awa guda, ni kuma na zauna da mai waldan muna ta hira, har na ji nasa bayanin duka kafin ta iso. Da ta shigo tana haki, ga wasu mutane suna jirana a waje, ta fara magana na katse ta, ta sake farawa na sake katse ta, na ce mu tafi kan mafita. Ta sa hannu a kan cewa mai waldan zai riƙa tashi daga aiki ƙarfe shida na yamma, ta fita. Bayan kwana uku ta kai ƙorafi wajen Dattijo. Daga nan ba ta sake jin komai ba har wata biyar.

Ka ga inda na tsaya, gaba kura baya sayaki. In na ce wa Dattijo ya rage aiki ya tsaya a huruminsa, za a ce shugabar ofis tana ɗaure hannun wanda zai bincike ta. In na ce ya ciro fayil ɗin telar ya duba da sauri, nan ma na sa baki a abin da ba nawa ba. Sai na zaɓi shiru, ina gaya wa kaina wai mutunta 'yancinsa nake yi. Yanzu da na waiwaya, na san rabin shirun nan tsoro ne. Muddin fayil ɗin na ƙasan tari, ni ina cikin inuwa.

Ana haka, wata ranar Laraba da hantsi jiri ya ɗebi Dattijo a matakalar wani gida da ya je duba yoyon rufi. Allah ya taimaka mutanen gidan suka tare shi. Likita ya ce jininsa ne ya hau ƙwarai, ya ba shi hutun mako uku. A cikin makonnin nan na ga telar ta zo ta zauna a bencinsa, ta tarar da ƙofa a rufe, ta ɗan jima ta tashi ta tafi. Ta wuce ta gaban ofishina ba ta ko kalle ni ba. Ranar na rubuta wa kwamiti takarda. Na fara da bayyana cewa akwai ƙorafi a kaina a hannunsa, don haka kada a sa ni a duk zaman da za a yi, sannan na faɗi abin da nake gani: mutumin kirki yana kashe kansa da aikin da ba nasa ba, masu haƙƙi na gaskiya kuma suna jira.

Da ya dawo kwamiti ya zauna da shi, ni ban shiga ba, shugabar kwamitin ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ransa ya ɓaci sosai, har ya ce in so ake a rufe masa baki gara ya ajiye aikin. Ya gaya musu ya yi shekara talatin a bayan kantar kotu yana ce wa talakawa wannan ba huruminmu ba ne, yana kallonsu suna juyawa da takardunsu a hannu, kuma ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara furta wannan kalma ba. Ita shugabar, tsohuwar malamar makaranta ce mai sanyin magana, ba ta yi musu da shi ba. Roƙonsa ta yi su zauna tare su raba fayilolin gida biyu, na huruminsa da waɗanda ba nasa ba. Sittin da ɗaya suka ƙirga, goma sha bakwai ne kaɗai nasa. Da suka kai kan na telar ya ga kwanan watan, ta ce ya cire tabarau ya ce ashe ya juyar da mutum ba tare da ya buɗe baki ba.

Daga nan aka yi gyara, kuma da hannunsa a ciki. An rubuta huruminsa a shafi guda aka manna a ƙofa. Sakataren kwamiti ne ke karɓar ƙorafi yanzu ya tantance, ba ofishinmu ba, don kada mu zama masu tsare ƙofar da ake kai ƙararmu. Fayil takwas zai duba a wata, in sun haura a miƙa wa wata tsohuwar lauya da ta yarda ta riƙa taimakawa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi kuma ya kafa nasa sharaɗin, cewa duk wanda maganarsa ba ta wurin ba ce, ba za a sallame shi haka nan ba, sai an rubuta masa inda zai je da wanda zai nema. Tef ɗin awon ma sai da aka sha fama kafin ya yarda ya bar shi a gida.

Fayil na farko da ya duba bayan gyaran shi ne nawa. Bai yi mini sassauci ba, ni ma ban so ya yi ba. Ya rubuta cewa na saurari ɓangare ɗaya a bayan idon ɗayan, kuma ban bar matar ta gama bayaninta ba, saboda haka a soke yarjejeniyar, wani dabam ya sake zama da su, ni kuma in ba ta haƙuri. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi, na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Laifi tudu ne, shekara nawa ina hango na mutane. An sake zaman, mai waldan ya yarda ya mayar da injinsa bayan gida inda iska ke fita da hayaƙin, kuma ashe shi bai ma san yaron na da ciwo ba.

Haƙurin kuwa ban aika a takarda ba, ɗakinta na je. Na same ta a kan keken ɗinki, ta ba ni kujera. Da na gama ba ta haƙuri, ta ce ita ba ta kai ƙara don a hukunta kowa ba. Ranar nan daga asibiti ta taho, an sa wa yaron abin shaƙar iska, abin da take ta ƙoƙarin faɗa ke nan nake katse ta. Na ce to ga ni, ta faɗa mini yanzu daga farko. Ta tsayar da keken ta faɗa, ni kuma na kama bakina. Yaya, ko minti goma ba ta yi ba ta gama.

Ka kwantar da hankalinka, ina nan a kan aikina, ka dai ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. A shafa mini kan takwarata da 'yan biyu, a gaida Kawu in kun haɗu. Inna na sa maka albarka, Baban yara da Auta da yara duk suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Lauyar Gida