Wayar da Ta Tare Shanun Bello

Zuwa ga Maigirma Darakta mai kula da gonar gwaji ta ƙetaren kogi, Yamai.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Isufu tela, mai garkar da ke manne da gonarku.

Kafin mu sami mulkin kai, duk ranar hutu kwalekwale muke shiga ni da mahaifiyata mu ƙetara zuwa garkar. Ina ban ruwa, Inna tana tsinkar ganyen gasaya tana yi mini faɗa wai ƙafata ba ta da ido. Irin gasayar nan daga Maraɗi ta zo da shi, ƙulle a bakin zane. Da rani kuwa shanun Bello Bafillace a garkar suke kwana, su bar mana taki, mu ba shi gero. Wallahi har warin kashin shanun nan nake kewa.

Ga abin da ya sa na rubuto maka. Na farko, bara ma'aikatanku suka fesa maganin ciyawa, iska ta kwaso shi zuwa garkarmu, gasaya ta ƙone. A wurinku ciyawa ce, mu kuwa da ita Inna take yi mana kwaɗo.

Na biyu, malaminku na gona, mutumin kirki, ya zauna a tabarmarmu ya yi mana bayani. Ya ce cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye maganin sannu a hankali, muddin sun sami taki da damshi. Na yarda da shi, har yau ban janye ba.

Na uku, sai kuka ja wayar shinge har bakin ruwa, kuka toshe hanyar shanu. Bello ya zo ya juya. To ranka ya daɗe, halittun da aka ce mu jira, me za su ci su sami ƙarfin aikin? Ƙasar ta yi fari fat. Inna ta sake shuka, gasayar ta tsiro, ta yi rawaya, ta mutu.

Roƙona a buɗe wa shanu ƙofa tun kafin ruwa ya sauka, kuma a daina feshi ranar da ake iska. Irin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Jiya na ce Inna ta kawo mu gwada, ta ƙara ɗaure bakin zanen, ta ce, "Isufu, in wannan ma ya mutu, ba ni da sauran abin da na zo da shi daga gida."

Allah ya ja zamaninka, ya bar maka naka mahaifan.

Wassalam,
Isufu tela.