Ƙullutu a Wuyan Baƙuwa

Aliero,
Watan Rajab, 1993.

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da mai gidanki Yaya Lawali, da yara, da mutanen Jega baki ɗaya. Mu ma nan sai godiya.

Yaya, hannuna ne ya riga ni ganewa. Jiya da hantsi ina zaune a bakin ƙofa, Baƙuwa ta hau cinyata kamar yadda take hawa ta marigayi mai gidana. Ina shafa mata wuya sai yatsuna suka tsaya a kan wani abu ƙarƙashin fata, kamar ƙwallon dabino, yana gocewa idan an taɓa. Ban san lokacin da na ture ta ba. Haka na baban Munir ya fara, a bayan kunne, kuma ni na fara jin sa ranar da nake shafa masa man zafi.

Kin san kyanwar nan. A cikin motar albasa ta biyo shi daga Maiyama tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, 'yar mitsitsiya, shi ya sa ya raɗa mata Baƙuwa. Ba ya cin tuwo sai ya gutsura mata. Tun da aka fita da shi, kan buzunsa take kwana. An raba rigunansa, an ba da kekensa. Abin da ya rage nasa mai numfashi a ɗakin nan ita ce, tunda Munir yana makarantar kwana.

Na nuna wa Inna Mairo, uwar mijina, ta ce a kira wanzami ya yi mata sakiya. Yaya, ban kira shi ba. Da idona na ga wanzami ya gasa ƙarfe ya huda na ɗanta. Ba ruwa, ba mugunya, jini kaɗai ya fito. Daga nan abin ya haukace, kafin a kai shi asibitin Birnin Kebbi ya riga ya ci wuyan.

Ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa. Don Allah ki sa Yaya Lawali ya tambaya a wurin masu duba dabbobi na nan Jega, ko suna duba kyanwa. Na san shanu da awaki ake kai musu. In sun yi dariya, su yi, amma ya tambaya.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Gudiya.

Aliero,
Farkon Sha'aban.

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya jikin 'yarki Fa'iza? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso ta hannun direban nan Abdu. Na gode da Yaya Lawali ya jure dariyar da aka yi masa. Na riƙe abin da malamin dabbobin ya ce: kada a matse, kada a yanka, a kawo ta ya gani.

Sai dai abubuwa sun lalace a nan. Ƙullutun ya kai girman goro, gashin wurin ya zube saboda susa. Ina wanka Inna Mairo ta shafa mata kanwa da man shanu, kyanwar ta wuni tana kuka a ƙarƙashin gado. Ban yi mata faɗa ba. Tsohuwa ce, ita ma ɗa ta rasa.

Babbar damuwar ita ce Yaya Sabi'u, wan marigayi. Maruru ya fito wa ƙaramar 'yarsa a hammata, matarsa ta tsaya tsakar gida tana cewa mussar nan ta ci mai ita, yanzu ta juyo kan yara. Ta ce wai ni takabar miji nake ko ta kyanwa. Shi kuma ya tsaya daga bayan danga ya ce da ni ba zai zauna da cuta a gidan ubansa ba. In an tashi ɗaukar albasa zuwa garin Sarandosa zai sa ta a buhu, a sake ta can cikin daji.

Ban ga laifinsa duka ba, tsoro ne, ni ma ina jin sa. Wani lokaci in ta matso sai in janye ƙafata, sannan in ji kunya. Ina ta tambayar kaina, shin ita ta sa masa, ko shi ya bar mata? Ba ni da ilmin da zan sani. Amma kyanwar da ta saba cin tuwo a hannu, da ciwo a wuya, me za ta yi a daji?

Na roƙi Abdu, ya yarda. Ranar kasuwarku zai zo da ita cikin kwando, na rufe da tsohon zanena don ta ji ƙanshin gida. Ki tare shi a tasha. Ba ta cin abu mai yaji, kuma kada yara su ɗauke ta ta wuya.

Allah Ya bar zumunci.

Taki,
Gudiya.

Aliero,
Ƙarshen Sha'aban.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Ki daina ba ni haƙuri, ki kuma daina sa yara yawon nema a lungunan Jega. Baƙuwa tana nan. Shekaranjiya da safe na ɗaga labule na same ta kwance a kan buzu, duk ƙaya a jikinta, ta rame, tafin ƙafarta ya tsage. Yadda ta gane hanya daga gidanki har Aliero, Allah kaɗai Ya sani. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Na sa an sake karanta min wasiƙarki don kada in yi kuskure. Kin ce malamin bai taɓa wuƙa ba sai da ya sa allura ya zuƙo abin da ke ciki ya duba. Ya ce ruwa ne ya taru a 'yar jaka ƙarƙashin fata, ba ya kama mutum, ba kuma daga mutum ta samo ba. Sannan ya sa ta barci ya cire, ya ɗinke. Na yi hamdala. Amma Yaya, tun da na ji haka nake ta tunani. Kyanwa an duba ta kafin a yanka. Baban Munir ba wanda ya duba. Na san kwana ne ya ƙare, ina istigfari, amma tunanin ya ƙi tafiya.

Na gaya wa Inna Mairo abin da malamin ya ce. Ta shafa kan kyanwar, ta ce in an tambaye ta, ita ba ta ga komai ba. Yanzu ita ke ɓoyo mata madara a ƙoƙo. Yaya Sabi'u kuwa ya ɗauka tana Jega. Marurun 'yarsa ya fashe ya warke a makon da aka tafi da ita, don haka ya ƙara gaskata zancensa. Ban san da wane baki zan fara masa bayani ba, ga shi ba na zama gabansa sai na fita takaba, sai bayan Salla. Ina rufe ta a ɗaki, in ta yi kuka in ƙara muryar rediyo.

Wurin ɗinkin ya ɗan yi ja, tana kai ƙafa tana susa. Ina wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri kaɗan. Kin ce ya ce a mayar da ita a cire zaren, lokacin kuma ya wuce. Abdu ya tafi Legas da albasa. Ki roƙar min Yaya Lawali ko malamin zai yarda ya biyo mota ya zo, ya kuma yi wa Yaya Sabi'u bayani da bakinsa, namiji da namiji.

Ki gaida Fa'iza, ki ce ba laifinta ba ne da ta bar ƙofa a buɗe.

Har yanzu zaren yana wuyanta, kuma ban gaya wa Yaya Sabi'u ta dawo ba.

Ƙanwarki,
Gudiya.