Na mare hannun 'yata saboda yaren Holan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ɓoye sunana. Ku ba ni shawara, wallahi kwana uku ke nan abinci ba ya wuce min.

Ina zaune a unguwar Edmonton ta Landan tun 1988. Da muka rabu da mijina, 'yarmu Zainab ta zauna wurinsa a Rotterdam ta ƙasar Holan saboda takarduna ba su fito ba. Sai 1993 aka kawo min ita flat ɗina na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, shekararta takwas, ba Hausa ba Turanci, sai yaren Holan. Ranar farko ta yi ta kuka tana cewa pindakaas, ashe niƙaƙƙiyar gyaɗa take so a burodi.

Mutanen Holan ɗin nan sai su ɗinke kalma biyu ko uku su zama ɗaya, doguwa kamar jirgin ƙasa. Da ta ga harshena ya kasa, sai ta riƙa kama hannuna tana buga min a tafin hannun, kowace gaɓa bugu ɗaya, ta farkon da ƙarfi don nan ake danna murya. PIN-da-kaas. SI-naas-ap-pel-sap, wato ruwan lemu. In na danna a ƙarshe ta yi ta dariya har da faɗuwa. Hirarmu ke nan kaf, ba mu da wata.

Rannan a wani suna a Woolwich ta kama hannuna a gaban mata ta fara bugawa. Wata ta ce oh, yau ga uwa a makarantar 'yarta, aka sheƙe da dariya. Ni da baƙar zuciyata na mare hannun, na ce kada na ƙara jin yaren nan a bakinta. Ta kuwa bi umarni. Ta koyi Turanci, tsakanina da ita sai yes Mum, no Mum. Tana cika sha takwas ta koma wurin ubanta, gaisuwar salla kawai nake samu.

Shekaranjiya ta turo bidiyo, ba rubutu ko ɗaya. Tana riƙe da tafin 'yarta ƙarama tana bugawa, PIN-da-kaas.

Jama'a, gori take min ko ƙofa ta buɗe? Na yi recording ina faɗin kalmar ya fi sau ashirin ina gogewa, tsoro nake kada na fama mata ciwo ta rufe ni gaba ɗaya. In tura, ko in fara da neman gafara? Shekara talatin ban taɓa ce mata yi haƙuri ba, amma har yau ban manta inda ake dannawa ba.