Na Mari Yaya Talatu

Daren Laraba, Gwallameji

Baban Rabi, kana can Legas da motarka, ni ina nan gida da Rabi. Yau na mari yayarka.

Tun da aka fara haska wa Rabi injin nan na kashe ciwon daji, wuyanta ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ba wuta ba hayaƙi, amma fata ta soye, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Likita ya ja min kunne, ban da ruwan zafi, ban da soso, ban da man zafi.

Kemis kawai na leƙa. Ina dawowa tun daga ƙofa na ji ihun yarinyar. Yaya Talatu ta danne ta da gwiwa tana gasa mata wuya da tawul da tafasasshen ruwa, wai jini ne ya kwanta. Ta ɗaga tawul, fatar 'yata ta biyo shi.

Na yi ƙwallo da bahon ruwan, na hankaɗe ta, na zabga mata mari har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ce, "Ni kika mara, Asabe? Ni da na yi miki wankan jegon yarinyar nan?" Wallahi ita ta yi min. Amma ko yanzu sai na ƙara.

Wuyan Rabi ya yi jawur, yana ta ruwa. Tsorona gobe likita ya gani ya dakatar da hasken, shi kuwa ciwon ba ya jira. In ka dawo ka ce in tafi gidanmu, zan tafi, amma da Rabi.

Ana buga ƙofa. Muryar ƙaninka Sale ce, kuma ba shi kaɗai ba ne.