Abin da Mayafin Inna Ya Rufe

Tudun Wada, Minna.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan alhamdulillahi, sai dai Inna.

Tun bara take jan mayafi har kan haɓa, ko a tsakar gida. Mu kuwa, har da ni mai digiri, muna ta yabon kunyarta. Ashe kumburi ne a muƙamuƙinta, tana ta cusa masa kanumfari. Na kai ta asibiti, aka tura mu Kaduna. Likita ya ce sai an yanke ɓangaren ƙashin, kuma in an yi da wuri za ta warke.

Ta ƙi. Na ce, "Inna, mutuwa kike tsoro?"

Ta ce, "Ke dai da boko! Mutuwa ai ta kowa ce. Kada jikokina su gan ni su ruga."

Don Allah ka kawo yaran da wuri, musamman takwararta Ummi. Ni da likita mun ƙare turancinmu, saura ta ji daga bakinsu.

A sa ta a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza