Fayil Ya Hau Kanta, Magani Ya Sauka Ƙasa

Zuwa ga Yaya Lawwali a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Nafisa da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan ruwa ya fara janyewa, ƙanenmu Sahabi ya koma fadama yana duba abin da ya rage na shinkafa.

Yaya, ka ji labarin ambaliya a rediyo, amma ba ka ji abin da ya faru a ƙaramin asibitin da nake aiki ba. Farkon damina aka turo mana masu duba aiki daga birni, wai su koya mana shirin ko-ta-kwana. Shugabansu, wani mai takalmi mai ƙyalli da ko ɗakin marasa lafiya bai leƙa ba, ya jibge mana takardu: ta gobara daban, ta ambaliya daban, ta annoba daban, har da wadda ke shaida cewa an cika sauran. Mata na zaune kan benci da yara masu zazzaɓi, ni ina ciki ina rubuta sunan wanda zai busa usur in wuta ta tashi. Usur ɗin ma ba mu da shi. Sai da suka sa mu ruga gindin dogon yaro, suka ɗauke mu hoto muna haki, sannan hankalinsu ya kwanta.

Da zai tafi ya ce doka ce a ajiye fayilolin a wuri mafi tsayi don kada ruwa ya taɓa su. Kanta ɗaya ce gare mu mai tsayi, ta magani. Na tambaye shi to maganin fa, ya ce wannan ba ya cikin abin da aka aiko shi ya duba. Shugabanmu Malam Yusha'u, wanda ba abin da yake tsoro a duniya kamar takardar tuhuma, ya sa aka sauke kwalayen ƙarin ruwa da allurai ƙasa. Ranar da Gulbin Rima ya ɓalle kuwa, dukanmu muna Goronyo wajen bita kan yadda ake cika takardun. Muka dawo muka iske magani cikin laka da ruwan masai, fayiloli na sama a bushe ƙayau.

Cikin makon nan amai da gudawa suka kama Inna. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari, tana sha tana maido shi. Ni da nake sa wa mutane ƙarin ruwa kullum, ina kallon uwata tana bushewa a hannuna, ba leda ko ɗaya da zan iya rataya mata. Sahabi ya ɗaura ta a bayansa da zane, ya ratsa taɓo da babur har asibitin Wurno. Ta rayu, Alhamdulillahi, amma likita ya ce jinkirin ya taɓa mata ƙoda, sai an kai ta Sakkwato.

Jiya mai takalmin ya dawo. Ya ɗaga fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya ce madalla, asibitinmu abin koyi ne. Ya miƙo mini sabuwar takarda in rubuta darasin da muka koya. Wallahi na raina mutumin nan, na raina wanda ya aiko shi, na kuma raina kujerar da suke zama a kai.

Ka gaida Nafisa, da Khairiyya da Mujahid. Gwaggo Kulu da Sahabi suna gaishe ka. Inna ta ce kada in faɗa maka, wai mi za ya sa a tada maka hankali kana wurin nema. Ni dai na faɗa. Ka nemi izini ka taho, Yaya. Ta daina tambayar gonarta, kai kaɗai take tambaya.

Ƙanwarka,
Atika